Sassaƙen Maɗaci da Ranar da Kika Kira Sunana

Zuwa ga Inna, mahaifiyar Dije, a makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da ladabin da kika san ni da shi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Wunti lafiya muke. Dije lafiya, yara lafiya, keken ɗinki yana juyawa, abinci bai yanke ba.

Haruna ne, surukinki. Shekara goma sha ɗaya na yi ina auren 'yarki kina raye, kuma in aka cire rana ɗaya tak, maganarmu ba ta taɓa wuce ina kwana da ina gajiya ba. In na zo gaishe ki a Ƙofar Dumi, takalmina tun daga zaure nake tuɓewa, in durƙusa a bakin ɗaki, ki amsa daga bayan asabari. In muka hangi juna a hanya, ke ki shiga wani lungu, ni in shiga wani. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba. Sai dai akwai maganar da ta taru a bakina, ba ta sami hanya ba har kika tafi. Yanzu na iya rubutun boko, a ajin yaƙi da jahilci na koya, shi ya sa na ce bari in zuba ta a takarda. Telolin rumfarmu sun ce in na gama su ma za su karanta, su miƙa wa wasu. Na yarda. Gara ma su karanta.

Ban sani ba ko kin san ranar da na fara ganinki. Tun ba a kai gaisuwar neman aure ba ne. Na fita bayan ganuwa a kan keken hawa na aro zan kai wa wani ɗinkinsa, sai na hango wata dattijuwa doguwa tsaye a gindin wani babban maɗaci, da ɗan gizago a hannu. Na rage gudu. Kika sassaƙi ɓawon ta gefe ɗaya, bai fi faɗin tafin hannu ba, kika ƙulle a bakin zane. Sannan kika durƙusa kika kwaɓa laka da ruwan gorarki, kika shafe wurin da kika ji wa itacen ciwo. A raina na ce wannan tsohuwa tana da lokacin ɓatawa. Bayan wata biyu aka nuna mini ke daga nesa, aka ce ga uwar yarinyar.

Sauran labarinki a bakin Dije na ji shi. Ta ce a ruga aka haife ki, a ruga kika yi aure. Da mahaifinta ya rasu, danginsa suka raba shanu, kika ɗauko ta kuka shigo birnin Bauchi, kika fara da sayar da nono. Itatuwa kuwa a wurin mahaifiyarki kika san su. Ta ce a ruga maɗaci maganin mutum ne, maganin dabba ne, amma ba a tukunya ɗaya ake yin su ba. Na saniya mai tsutsar ciki dafa shi ake yi ya yi kauri, a ɗura mata, a ƙyale ta. Na mutum jiƙa shi ake yi a ruwan sanyi, ɗan kaɗan, a tace.

Kafin a jima matan unguwa suka gane abin da ke hannunki. Mai zazzaɓin damina, mai murɗar ciki, wanda tsutsa ta dama, mai gyambon da ya ƙi kamewa ana neman abin wanke shi, duk ƙofarki. Amma sun sha ƙorafi a kanki, ni ma a rumfa na sha ji. Wai kin cika tambaya. Mutum ya zo neman ɗan sassaƙe, sai kin zaunar da shi, kin ja fatar idonsa kin duba, kin ce ya fito da harshe, kin tambayi fitsarinsa kamar alƙali. Mace kuwa sai kin ja ta gefe kin tambayi rabonta da ganin wata. In ɗan aike aka turo, ki ce ya koma ya zo da mai ciwon.

Kuma kina hanawa. Mai ciki ba kya ba ta, ko da na kwana arba'in ne. Jariri ba kya ba shi. Wanda idonsa ya yi rawaya, da tsohon da ƙafarsa ta kumbura, asibiti kike nuna musu. Akwai matar wani falke da ta zo sau uku tana rantsuwa ba ta da ciki, kika dube ta kika ce ta dawo bayan wata biyu. Ta fita tana zagi. Dije ta ce da aka yi sunan ɗanta, ita da kanta ta aiko miki da tuwon suna.

Dije ta sha maimaita mini maganarki: “Mutane ɗacin suke bi, suna zaton shi ne maganin. Awon ne maganin.” Awon nan naki na san shi yanzu, amma ba zan rubuta shi a nan ba. Wani zai karanta ya tafi da gatari gindin itace, ya ce ai Inna ta faɗa. Ke ba ki taɓa faɗa wa wanda ba ki gani ba.

Sai mutum ɗaya. Ni.

Shekarar samun 'yancin kai ce, damina ta ja baya, saura 'yan makonni a sauke tutar Turawa. Garin duk ya ɗauki zumuɗi. Hedimastan wata makaranta ya zo rumfata ya ba ni ɗinkin kayan yaran da za su yi maci ranar bikin, riga da gajeren wando, yara da yawa. Tun da na fara ɗinki ban taɓa samun aiki irin wannan ba. Wasu telolin da suka girme ni ya tsallake ya zo wurina, kuma na san ana kallona. Na ce wa kaina ko da tsiya sai na gama shi da hannuna ni kaɗai.

Ina tsakiyar yanka yadi zazzaɓi ya kama ni. Sanyi, ciwon kai, gaɓoɓi kamar an daddaka. Dije tana da cikin wata biyar a lokacin, amma ta yafa mayafi ta taho wurinki. Da ta dawo ta ce kin yi mata tambayar da ta fi ta kowa: yaya idona, yaya fitsarina, na yi amai ko ban yi ba, me na ci. Ta ce kin daɗe kina juya ƙwaryar a hannu kafin ki miƙa mata. Saƙonki shi ne in sha da safe bayan na sa wani abu a ciki, in kwanta in huta, kuma in kwana uku suka cika jikin bai sake ni ba, in tafi asibiti, kada in ƙara ko kurɓi ɗaya.

Na sha. Rana ta biyu na ji garau. Hutun da kika ce in yi na bar shi a gida, na koma kan keke tun hantsi har magariba. Rana ta huɗu zazzaɓin ya dawo, ya fi na farko.

A nan ne na yi wauta, Inna, kuma ina so ki ji yadda ta faru daki-daki. Asibiti na san in na je kwantar da ni za a yi, ɗinkin mutane ya lalace. Ke kuma ina jin nauyin a ce surukinki ya sake aikowa neman magani, kamar na raina na farko. Dije ma ban gaya mata jikin ya dawo ba. Sai na zarce kasuwa wurin wani mai magani da ke baza kayansa a ƙasa yana kirari. Bai dubi idona ba, bai tambaye ni komai ba. Ya cika mini hannu biyu da sassaƙen maɗaci, ya ce jiƙo na mata ne da yara, namiji mai aiki dafawa yake yi da kanwa, ya sha har sai ya ji a jikinsa. Maganar ta yi mini daɗi, don ita nake son ji.

A bayan rumfa akwai kaskon gawayin da muke hura wutar dutsen guga. Na sami wani gwangwani na wanke, na zuba sassaƙen da kanwa, na ɗora. Ya tafasa ya tafasa har ruwan ya koma kamar na marina. Na sha kofi guda. Ɗacin ya sa hawaye suka zubo mini, na ce alhamdulillahi, wannan shi ne magani. Da safe kofi, da rana kofi, da yamma kofi. Malam Bala, telan da rumfarsa ke jikin tawa, ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya ce in ji tsoron Allah, ga surukata a gari masaniyar abin. Na ce masa ya kula da zarensa.

Kwana biyar na yi a haka. Abinci ya daina zama. Ina taka keke ina ganin allura biyu. Fitsarina ya ragu, ya yi duhu. Duk na ce ciwon ne yake fita.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, wanda Dije ta rufa mini asiri a kansa har yau. A yammacin rana ta biyar na zuba wani a kwalba na kai gida. Na tarar da ita kwance tana kukan ciwon baya da zafin jiki. Na tsiyaya a ludayi na miƙa mata, na ce irin na Inna ne, sai dai wannan ya fi ƙarfi. Ta dubi launinsa, ta shinshina, ta ture hannuna. Ta ce Inna ba ta ba mai ciki. Na ji haushi. Na ce ni ne mijinta, ni na ce ta sha. Na sake miƙawa har ludayin ya taɓa leɓenta. Ta rufe baki ta kau da kai. Tun da muka yi aure ba ta taɓa ƙin umarnina ba sai ranar. Na zubar a ƙasa don fushi, na fita masallaci.

Cikin da Dije ke ɗauke da shi a ranar shi ne Hauwa, wadda kika goya, wadda kike kira 'yar tela. Duk lokacin da na gan ta tana tsalle a tsakar gida sai na tuna ludayin nan.

Da gari ya waye ban iya tashi ba. Dije ta dubi idona, ta fita ba ta ko nemi izini ba. Kafin ta dawo gida ya cika. Yayana ya zo, maƙwabta sun zo, Malam Bala ya rufe rumfa ya zo da gwangwanin a hannu. Kowa ya ga idona ya ce shawara ce, kowa kuma da maganin da ya sani. Wannan ya ce a samo saiwar kaza, wancan ya ce ganyen kaza. Yayana ya ce a dakata, ai uwar matarsa tana hanya, za ta aiko da abin da ya dace.

Ba ki aiko ba. Wajen azahar na ji tsakar gida ta yi tsit. Aka ɗaga labulen ɗakina, sai ga ki. Shekara shida ba ki taɓa taka gidan nan ba, ko haihuwar farko Dije gida ta tafi wanka. Na yunƙura zan ja mayafi in rufe fuska, hannuna ya ƙi. Maza suka sunkuyar da kai suka fara zamewa waje. Kika zauna a bakin gadona, kika sa babban yatsa kika ja fatar idona ƙasa, kamar yadda kike yi wa kowa. Hannunki yana da sanyi. Sannan kika ce, “Haruna, me ka sha?”

Ban san kin san sunana da bakinki ba. Mutumin Wunti kike ce mini in kina magana da Dije. Na kau da kai. Malam Bala ya miƙo gwangwanin daga bakin ƙofa. Kika tsoma yatsa kika ɗanɗana, kika tofar. Kika ce wannan na saniya ne, kuma ko saniya ba a jera mata kwana biyar. Sai kika juya wurin 'yarki, wadda ita ma ba kya kama sunanta don ta fari ce, kika tambaye ta ko ta sha. Ta ce ba ta sha ba. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ina kwance ina jiran ta ƙara, ba ta ƙara ba.

Yayana ya yi magana daga waje, cikin girmamawa, ya ce to Inna sai a taimaka da makarin abin. Kika ce babu makari. Kika ce babu wani ganye ko saiwa ko ɓawo da zai ƙara shiga cikin nan, a nemo abin ɗauka a kai shi asibiti yanzu. Ya ce shawara ai ba ta son allura, kowa ya sani, kuma mutane da yawa da aka kai can ba su dawo ba. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta matso ta yi miki magana ƙasa-ƙasa, amma na ji. Ta ce ki yi tunani, in aka ga surukin mai magani a kan amalanke an nufi asibiti, gobe wa zai zo ƙofarki. Amsarki ita ce magana ta ƙarshe da na ji sosai a ranar: “Su daina zuwa. Ku ɗauke shi.”

Sauran a bakin Malam Bala na ji. Ya ce an shimfiɗa ni a amalanke, shi da yayana suna turawa, ke kina biye a ƙasa cikin rana, gwangwanin a tafin hannunki, kin rufe shi da faifai. Duk Wunti an fito ana kallo. Da aka isa kika ƙi tsayawa a waje. Kika sami malamin asibiti kika ajiye masa gwangwanin a gaba, kika gaya masa sunan itacen, da cewa an dafa shi da kanwa, da kwanakin da aka yi ana sha, da abin da ke kika bayar tun farko da yawansa. Ba ki rage naki ba. Malam Bala ya ce malamin ya tsaya yana dubanki, sannan ya ɗauki gwangwanin ya shiga da shi wurin likita.

Da na farfaɗo, malamin ya yi mini bayani. Ya ce abu biyu ne suka haɗu a kaina: zazzaɓin sauro da na ƙi bari a yi maganinsa, da abin da na ɗirka wa cikina har hanta da ƙoda suka jigata. Ya ce da an ƙara mini wani jiƙon a gida, ko an ƙara kwana ɗaya, da sai dai wani labarin. Ya ce kuma da ba su san abin da na sha ba, da sun ɓata lokaci suna lalube.

Ranar bikin ina gadon asibiti, robar ƙarin ruwa a hannuna. Ta taga na ji kiɗan badujala da muryoyin 'yan makaranta daga nesa. Na juya fuska bango, don na tabbata akwai yaran da suka fita ba kaya saboda ni. Da yamma Malam Bala ya zo yana dariya. Ashe telolin rumfa sun raba yadin da na yanka a tsakaninsu, har da waɗanda hedimasta ya tsallake, sun gama saura kwana ɗaya. Aikin da na kusa kashe kaina don kada kowa ya taɓa, mutum shida suka yi shi suna hira.

Mako uku na yi. Kullum da hantsi Dije tana kawo kunu marar kanwa da ɗan nono, ta ce daga Ƙofar Dumi. Ke ba ki sake zuwa ba.

Da na fito na tarar abin da dattijuwar nan ta faɗa ya faru. Magana ta zaga gari cewa maganin Inna ne ya kusa kashe surukinta, da ta ga abin ya fi ƙarfinta ta gudu da shi wurin Turawa. Ƙofarki ta yi shiru. Matan da ke cika tsakar gidanki da safe suka koma wurin masu baza kaya a kasuwa. Kika koma ɗaukar ƙwaryar nono a shekarunki. Kuma duk wanda ya tare ki da maganar, ba kya cewa komai. Kalma ɗaya za ki faɗa ki wanke kanki, amma kalmar za ta nuna surukinki wawa ne, sai kika haɗiye ta.

Na zo gaishe ki da niyyar in faɗi duk abin da ke raina. Na tuɓe takalmi, na durƙusa. Asabari yana sake kamar kullum. Na ce ina kwana, kika ce lafiya. Kika tambayi jiki, na ce da sauƙi. Kika ce a riƙa cin abinci. Na buɗe baki, kunya ta danne ni. Na tashi na tafi.

Amma abin da na kasa faɗa miki, na faɗa wa gari. Duk wanda ya zo awo rumfata, ina zagaya masa igiyar awo ina ba shi labarin gwangwani. Na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa a wurin suna, na faɗa a wurin zaman makoki. Har teloli suka sa mini suna Na-Gwangwani, kuma har yau ina amsawa. Wasu sun dawo ƙofarki, wasu ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo sun tarar ba ki rage tambaya ko ɗaya ba.

Ga dalilin wannan takarda. Bayan rasuwarki, ranar sadakar arba'in, Dije ta gaya mini abin da kika hana ta faɗa. Ta ce ba don rufa mini asiri kaɗai kika yi shiru ba. Ta ce kin ɗauka laifin naki ne. Wai kin ce mutum ɗaya kika taɓa ba magani ba ki dube shi ba, saboda kunya, shi ne ya kusa mutuwa. Wai da tun ranar farko kin zo kin dube ni, kin gaya mini da bakinki, da ban je kasuwa ba. Ta ce kin tafi da wannan a zuciyarki shekara biyar.

Inna, ba haka ba ne. Ina faɗa da ƙarfi, ba na shakka. Abin da kika aiko mini daidai ne, kuma ya yi aiki. Saƙonki ya iso cikakke, Dije ba ta zubar da ko kalma ba: kwana uku, hutu, asibiti. Ni na ji, ni na take. Ni na kai ƙafata wurin mutumin da bai san sunana ba, ni na hura wutar, ni na ƙi jin Malam Bala. Ko da kin zo da kanki ranar farko, ba na jin zan ji, don idona ya rufe da son a ce Haruna ya yi shi kaɗai. Kuma tarbiyyarki ce ta rufe bakin Dije a gaban ludayina. Ba kya ɗakin, amma ke kika hana.

Itacen ma ba na zarginsa. Maɗaci magani ne, na gani a jikina, na gani a jikin mutane. Wasu 'yan boko yanzu suna cewa duk abin da ya fito daga daji ƙarya ne, wasu kuma suna cewa duk abin da ya fito daga itace ba ya cutarwa tunda Allah ne ya tsiro da shi. Na zauna da waɗannan, na zauna da waɗancan, na gaya musu ba su san ki ba ne. Abin da yake da ƙarfin korar ciwo yana da ƙarfin kayar da mai ciwon. Ni na ɗanɗana duka biyun a wata ɗaya.

Dije ta gaji hannunki. Mata sun fara zuwa gidanmu, tana zaunar da su tana jan fatar idonsu, suna ƙorafi. Ta fi ki saurin cewa a tafi asibiti. Ni ma in damina ta taɓa ni, sai ta dube ni tukuna kamar baƙo, kuma in ta ce ba na gida ba ne, ba na musu.

Abu na ƙarshe, don ban san ko ana sanar da mamaci irin wannan ba. Ranar da kika cika, da safe, aka kawo farin yadi, aka ce a kai wa wani tela a unguwarku. Na ce a ba ni. Wasu suka ce suruki ba ya wannan, liman ya ce babu inda aka hana. Da na shimfiɗa yadin sai na ga ban san tsawonki ba. Na auna rabin mutanen Wunti da ido kawai, amma ke ban taɓa ɗaga kai na dube ki tsaye ba tun da na zama naki. Dije ce ta shiga ta auno da zare, ta fito ta miƙo mini. Ban hau keke ba. Da hannu na ɗinka shi a zaurenki, a wurin da nake ajiye takalmi, kuma ban taɓa yin ɗinkin da na natsu a kansa kamar wannan ba.

Ki yafe mini kunyar da na sa kika keta a gaban mutane. Ki yafe mini ƙwaryar nonon da kika koma ɗauka. Ki yafe mini ludayin da ba ki sani ba sai yau.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya sa duk wanda ya sami sauƙi ta hannunki ya zama shaida a gare ki, da duk wanda kika hana don tsoron kada ya cutu. Allah ya sauke miki nauyin da kika ɗauka wanda ba naki ba ne. Ya raya jikokinki a kan gaskiya irin taki, ya haɗa mu a gidan aminci. Amin.

Ni ne ɗanki,
Haruna Tela, Wunti, Bauchi.